Dattijon da Ya Rushe Duwatsun Hanya

Akwai wani manomi da yake zaune a wani ƙauye a gindin duwatsu. Dattijon ikkilisiya ne, mai tsoron Allah. Ba ya shan giya, ba ya cin amana, ba ya kuma fashin sujada ko da ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aibinsa ɗaya ne tak: in ya ga abu, to, ya riga ya san ma'anarsa. Ba ya tambaya. A ganinsa tambaya ta yara ce da baƙi, da waɗanda furfura ba ta kai gare su ba tukuna.

Yana da dalilin amincewa da kansa. A zamanin da, mahaifinsa ne mai kula da tsafin ƙauyen. A bayan gari akwai wani tarin duwatsu inda ake yanka jan zakara a zuba jini kafin a yi shuka. Da mutumin nan ya karɓi bishara yana saurayi, shi ne ya fara sa hannu ya rushe tarin nan. Mutane suka tsaya daga nesa suna jira ya faɗi ya mutu. Bai mutu ba, sai ma ƙiba da ya yi. Tun daga ranar labarin nan ya zama abincinsa. Ya ba da shi a wurin biki, ya ba da shi a wurin makoki, ya ba da shi a taron godiyar girbi, har yaran ƙauyen suka haddace wurin da yakan tsaya ya yi gyaran murya.

Autarsa, Bilhatu, ma'aikaciyar jinya ce. Ta auri wani malamin makaranta mai suna Yunana, aiki kuma ya kai su wata ƙasa mai nisa, ƙasar sanyi da manyan duwatsu. Wata shekara bayan girbi suka aika ya zo ya ga wurin zamansu, ya kuwa je. Da isarsa ya lura Bilhatu tana da juna biyu. Ba wanda ya gaya masa, gama ba magana ce da 'ya take yi da ubanta ba, amma ya ga yadda take dafa kujera kafin ta tashi. Farin ciki ya cika shi, ya yi shiru da abinsa.

Tsakaninsa da Yunana kuwa sai kunya irin ta surukai. Yunana ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi. Shi ma dattijon ba ya kama sunan surukinsa, sai dai ya ce “Malam”. In sun gaisa da safe, sun tambayi gajiya da sanyi, magana ta ƙare sai gobe.

Wata ranar Asabar Bilhatu ta ce, “Baba, yau za mu kai ka hawan dutse.”

“Wa za mu gaisar a can?”

“Ba kowa, Baba.”

“Itace za mu yi, ko magani za mu haƙo?”

“Kallo kawai za mu yi.”

“Sa'an nan fa?”

“Sa'an nan mu sauko.”

A ƙauyensu mutum ba ya hawan dutse sai in akuyarsa ta ɓata. Dattijo ya ce a ransa lalle sanyi yana taɓa kan mutane, amma baƙo ba ya gardama da masu masaukinsa. Suka ba shi takalma masu nauyi kamar an ɗaura masa turmi a kowace ƙafa. Suka ba shi rigar sanyi mai kumbura, ya sa, ya kuma ɗora babbar rigarsa a kai, don kada a gamu da wani a hanya a ɗauke shi mutumin banza. Suka miƙa masa sanduna biyu na ƙarfe, ya mai da ɗaya, ya ce ƙafarsa ba ta karye ba.

Suka bar mota a gindin dutsen, suka kama hawa. Gaskiya wurin yana da kyau. Itatuwa dogaye sun tsaya a jere, ba wanda ya taɓa sa musu gatari. Ruwa yana gangarowa daga sama, garau, kana ganin tsakuwar da take ƙarƙashinsa. Ba leda ko ɗaya a ƙasa, ba hayaƙi, ba ƙarar babur, sai kukan tsuntsaye da bai san sunansu ba. Dattijo ya durƙusa ya sha ruwan da tafin hannu, haƙoransa suka ɗauki sanyi, ya yabi Mahalicci da dukan zuciyarsa. Amma manomi manomi ne. Da ya ga ciyawa ta kai gwiwa ba ko tunkiya a cikinta, ga busassun itace a zube suna ruɓewa ba mai ɗauka, sai takaici ya kama shi. Ya yi ta auna filin da ido, yana cewa a ransa nan dankali zai yi, can kuma acca.

Da suka yi nisa sai itatuwan suka ƙare, hanyar ƙafa ma ta ƙare. Ba abin da ya rage sai falalen dutse a shimfiɗe, tudu bayan tudu, da iska mai kaɗawa. A nan ne dattijo ya ga abin da ya tsai da numfashinsa. Ga tarin duwatsu an jera su da hannu, tsayinsa ya kai ƙugun mutum. A kan dutsen da yake bisa kuma an shafa wani abu ja wur.

Bai gama kallo ba sai ya ga surukinsa ya sunkuya, ya ɗauki ɗan ƙaramin dutse, ya ɗora a kan tarin, ya ɗan dafa shi, ya wuce. Bilhatu tana gani, har murmushi ta yi.

Nan take dattijo ya gane kome da kome, yadda ya saba ganewa. Ashe abin da ya sa ake hawan dutse ba da wani saƙo ba ke nan. Ashe yaron da ya ba 'yarsa, yaron da yake jan waƙa a sujada, ya zo ƙasar mutane ya koma wa abin da kakanni suka bari. Ga shi har sun kawo jikansa tun yana ciki. Ransa ya ɓaci ƙwarai, idonsa ya kawo ruwa. Ya so ya yi magana, amma ta ina mutum zai fara tuhumar surukinsa da tsafi, surukin da ko sunansa ba ya kamawa? Sai ya ga ai ba a bukatar magana. Aikin nan ya san shi tun yana saurayi.

Ya ce, “Ku yi gaba, ina nan tafe. Tafiyar tsoho dabam take.”

Suka yi gaba. Da tudu ya ɓoye su, ya sa sanda ya zungure tarin daga ƙasa, ya ƙarasa da ƙafa. A nan ya ga amfanin takalman nan masu nauyi. Ya watsa duwatsun ko'ina. Wanda aka shafa wa ja kuwa ya kife shi, fuskar a ƙasa. Iska ta kwashe ƙarar, ba wanda ya ji.

Bai yi nisa ba sai ga wani tarin. Bayansa ga wani. Dattijo ya riƙe baki, ya ce lalle duhun ƙasar nan ya fi na ƙauyensu, gama su tari ɗaya suke da shi, waɗannan kuwa sun jera su kamar kunyar doya. Ya naɗe hannun babbar riga ya shiga aiki. Inda akwai rami kusa, sai ya mirgina jan dutsen ciki, ya saurara har ya ji faɗuwarsa can ƙasa. Zufa ta jiƙa shi duk da sanyin nan. Lokaci lokaci Bilhatu takan tsaya ta jira shi, ta ga yana haki, tausayi ya kama ta, ta ce ko su koma. Ya ce sam, ba zai koma ba sai ya ga ƙarshen abin. Yana tafe yana shirya shaidar da zai bayar in ya koma gida, har ya zaɓi wurin da zai yi gyaran murya.

Rana ta ɗan karkata suka kai ƙwanƙolin dutsen. Daga can ana ganin tafkuna shuɗɗa a ƙasa, da kan duwatsu fari fat da ƙanƙara, har iyakar gani. Bilhatu ta zuba shayi, ta yanka burodi. Yunana ya ɗauki nasa ya koma bayan wani dutse don kada ya ci a gaban surukinsa. Dattijo ya sha shayinsa da kwanciyar rai irin ta mutumin da ya gama noman gonarsa kafin maƙwabta.

Suna nan zaune sai gajimare ya taso daga kwari. Kafin su ɗaure jaka ya rufe su ruf. Tafkuna suka ɓace, rana ta ɓace, mutum ba ya ganin abin da ya wuce tsawon tabarma biyu a gabansa. Sanyi ya sauko mai shiga ƙashi.

Yunana ya matso, ya sunkuyar da kai, ya yi wa surukinsa magana mafi tsawo da ya taɓa yi masa tun ranar biki. Ya ce, “Baba, kada hankalinku ya tashi. Haka dutsen nan yake yi. Hagu da dama akwai ramuka masu zurfi, amma ba abin da zai same mu. Kun ga tarin duwatsun nan masu jan fenti da muka yi ta wucewa? Alamar hanya ce. An jera su yadda in ka tsaya a wannan za ka hangi na gaba, ko a cikin gajimare. Su za mu bi har gindin itatuwa.”

Dattijo ya ce, “Fenti?”

“Fenti, Baba.”

“Dutsen da na ga Malam ya ɗora fa?”

“Al'adar masu hawa ce. Kowa ya wuce yakan ƙara ɗaya, don kada tarin ya ragu.”

Dattijo ya dubi sandar da take hannunsa.

Yunana ya shiga gaba yana neman tarin farko. Ya duba nan, ya duba can, ya dawo yana sosa kai, ya ce shi dai ya san a nan ya bar shi. Ya ciro waya, ba sabis. Bilhatu ta zauna a kan dutse ta rungume cikinta, jikinta yana rawa, leɓunanta sun fara canza launi. Dattijo ya dube ta, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a ranar da ya rushe tsafin ubansa. In ya yi magana, girmansa ya zube a gaban surukinsa. In ya yi shiru, yaron nan zai yi ta neman abin da babu.

Yunana ya ce bari ya ɗan ƙara gaba ta hannun dama, wataƙila ya karkace ne. Ya juya ya nufi daidai wajen ramin da dattijo ya mirgina jan dutse na ƙarshe. Gajimare ya fara haɗiye shi.

“Yunana! Dawo.”

Yunana ya tsaya cik. Bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba. Ya dawo ya durƙusa.

Dattijo ya ce, “Kada ka wahalar da kanka. Babu su. Na rushe.”

“Wanne daga ciki, Baba?”

“Duka.”

Ya faɗi dalilinsa a taƙaice, yana kallon takalmansa. Yunana ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Duk maganar da ta zo masa ba wadda ta dace da suruki. Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai ya ce, “Sannunku da aiki, Baba.”

Da zaginsa ya yi da ya fi wa dattijo sauƙi. Bilhatu kuwa, da yake auta ce, ba ta da wannan kunya. Haƙoranta suna kaɗawa ta ce, “Baba, muna gabanka fa tun safe. Me ya hana ka tambaya?”

Dattijo ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe ta da ita. Suka raɓe a jikin wani dutse, suka sa ta a tsakiya, suruki a dama suruki a hagu, gama sanyi ya kori kunya. Dattijon nan da aka san shi da doguwar addu'a, wadda takan sa tuwo ya huce, ranar nan abin da ya iya faɗa ke nan: “Ya Ubangiji, laifina ne. Kada ka bar su su biya.”

Sun jima a haka sai suka ji ƙara daga ƙasa, ƙwas, ƙwas, kamar ana ɗora dutse a kan dutse. Ƙarar ta yi ta matsowa. Can sai wata tsohuwa ta ɓullo daga cikin farin nan, gajeriya, gashinta fari, hannuwanta ja wur har wuyan hannu, tana riƙe da gwangwani. Tsohon tunanin dattijo ya yunƙuro ya ce masa ga mai tsafin da kanta. Amma wannan karon ya kama bakinsa, ya bar 'yarsa ta yi tambaya.

Tsohuwar ta yi magana da harshen ƙasar, Bilhatu tana fassarawa. Ita ce take kula da alamun hanyar nan. Ta zo sabunta fenti ne ta tarar da su a watse, ga kuma mota a gindin dutse, ta san akwai mutane a sama. Shi ne ta biyo tana ɗan tattara duwatsu uku huɗu a kowane wuri, yadda za a gane hanyar komawa. Ta ce da farko ta zaci dabba ce, amma ba ta taɓa ganin dabbar da take kife fenti ƙasa ba. Tana so ta san wane ne.

Dattijo ya miƙe, ya cire hularsa. Bilhatu ta yi bayani, har da zancen jan zakara. Tsohuwa ta dube shi daga hula zuwa takalmi, ta yi dariya har ta ajiye gwangwanin. Sa'an nan dariyar ta ɗauke. Ta ce tun tana budurwa wanta ya hau dutsen nan, lokacin ba a kafa alamu ba, gajimare ya rufe shi, ba a same shi ba sai da ƙanƙara ta narke. Tun daga shekarar take hawa da gwangwanin nan.

Ta shiga gaba, suka bi ta daga ƙaramin tari zuwa ƙaramin tari har suka kai gindin itatuwa. Bilhatu ta sami ɗumi, ba abin da ya sami cikinta. Kafin su rabu tsohuwar ta ce in gari ya washe tana jiran dattijon a nan, ya zo da takalmansa.

Haka mutumin nan ya ƙarasa hutunsa a ƙasar waje yana ɗaukar duwatsu. Tsohuwa tana nuni da burushi, shi yana jerawa, Yunana yana miƙo masa daga baya. A can ya koyi cewa tarin da ya watsar da shuri biyu yakan ci rabin safiya kafin ya tsaya. Waɗanda ya jefa a rami kuwa ba su dawo ba, sai da aka nemo waɗansu.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ku kasa kunne. Dutsen nan shi ne zaman duniya. Wani lokaci gari a washe yake, kana ganin hanya, har ka ga kamar ba ka bukatar kowa. Wani lokaci kuma gajimare yakan sauko ba sallama: ciwo, ko rashi, ko faɗa a gida. Tarin duwatsun su ne alamun da Allah ya sa waɗansu suka kafa mana kafin mu zo. Da yawansu da hawaye aka kafa su, ko da yake ba a rubuta hakan a jikinsu ba.

Manomin nan ba mugu ba ne, kada kowa ya fita yana zaginsa. Yana ƙaunar Allah, yana ƙaunar 'yarsa. Himma ce da shi, amma ba sani. Ya taɓa yin daidai sau ɗaya yana saurayi, sai ya ɗauka duk jan abu jini ne har abada. Abin da ya kira kunya kuma, in an tona, rabinsa girman kai ne. Tambaya ɗaya da ta ishe shi, ga masu amsa suna tafe a gabansa, amma ya ga rushewa ta fi masa sauƙi.

Mu ma haka muke yi, muna kuma yinsa da sunan Ubangiji. Ka hangi wata mace daga zumuntar mata tana shiga gidan burkutu da yamma. Ba ka tambaya ba, ka kai labari. Ashe mijinta take zuwa ɗaukowa kada ya kwana a kwata. Kafin gaskiya ta fito ka riga ka watsa sunanta, wani abin kuma ya faɗa ramin da ba a cirowa. An zaɓe ka shugaban matasa, ka tarar tsofaffi suna da wata al'ada ta zagaya gidajen gwauraye da marasa lafiya ran Alhamis, ka ce ɓata lokaci ne, ka soke. Ba ka tambayi wanda ya fara ta ba, ko abin da ya faru har aka fara ta. Mu dattawa ma kada mu yi murmushi. Sau nawa yaro ya zo da abin da ba mu saba gani ba, muka sa masa sunan Shaiɗan tun bai buɗe baki ba?

Ba na ce kada a rushe mugunta ba. Akwai abin da ya kamata a rushe, a kuma rushe shi da ƙarfi. Amma ka fara sanin mene ne. Allah da ya ba ka hannu ya ba ka baki, ya kuma sa mutane kusa da kai waɗanda suka san abin da ba ka sani ba, ko da sun kasa ka shekaru, ko da surukanka ne.

Saboda haka a makon nan, in ka ga abin da ya tayar maka da hankali a gidanka, ko a ikkilisiya, ko a wurin maƙwabcinka, kafin ka sa ƙafa, je ka ce, “Don Allah, wannan na mene ne?” Furfurarka ba za ta zube ba. Gajimare yana zuwa wa kowa, ranar da ya zo kuwa ba kai kaɗai za ka tsaya a cikin sanyin ba. Wanda zai laluba yana neman alamar da ka rushe, sau da yawa ɗanka ne na cikinka.